Hannuna sun kasa riƙe muciya: in tafi gida ko in zauna?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana huɗu. A Agege muke zaune, ina sayar da tuwo da waina a bakin layinmu, maigidana kuma yana harkar albasa a Mile 12. Tun bayan haihuwata ta ƙarshe, yau wata 11, hannuwana suka fara ciwo. Da asuba yatsuna sandarewa suke yi, sai hantsi ya dubi ludayi kafin su saki. Gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu duka biyun sun kumbura, yanzu abin ya sauka har tafin ƙafa. Muciya ta gagare ni, majanyi ma sai babbar 'yata ta ɗaure mini. Mai kemis na unguwarmu yana haɗa mini ƙwayoyi biyar a leda, in na sha sai in ji garau, in na kwana biyu ban sha ba ciwon ya dawo fiye da da. Wata bakwai ke nan ina sha. Fuskata ta cika, mutane suna cewa na yi kyau, amma cikina yana zafi. Uwar mijina ta ce sanyi ne ya shige ni don ban je gida wankan jego ba, wata maƙwabciya kuma ta ce hannu aka sa mini saboda ciniki. Maigida ya ce in shirya in tafi gida a yi mini na gargajiya. Har yanzu ina shayarwa. In tafi ko in zauna?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya raya abin da aka samu. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma wallahi ledar nan ta fi hannun tayar mini da hankali. Amma ga amsar tambayarki tun farko: kada ki tafi tukuna. Irin likitan da kike buƙata yana Ikeja, mota ɗaya daga ƙofar gidanku.

Mu Hausawa kusan duk ciwon da ya taɓa gaɓa suna ɗaya muke ba shi, sanyin ƙashi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, sanyi. Alhajin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare, sanyi. Yaro mai sikila ma sanyi. Da yake sunan ɗaya ne, magani ma sai ya zama ɗaya, alhali kowace cuta da tushenta. Ciwon gwiwar tsohuwa zaizayewa ce: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye saboda shekaru da nauyin jiki. Yana tashi in ta yi tafiya ko ta hau gadar masu ƙafa a Oshodi, in ta huta ya lafa, sandarewar safiya kuma da wuya ta kai rabin awa. Na Alhaji wani gishiri ne da ake kira yurik asid yake taruwa a jini ya daskare a gaɓa kamar tsinin allura. Ya fi kama maza, tsire da kayan ciki da lemon kwalba suna ƙara hura shi. Naki bai yi kama da ko ɗaya ba. Ke hutu ne yake tayar miki da shi, motsi yake sassauta shi. Ya kama ƙananan gaɓoɓi, dama da hagu tare, da kumburi, da sandarewar da ke ɗaukar awanni, kuma ya wuce mako shida nesa ba kusa ba. Likitan da zai riƙe hannunki shi ke da hukuncin ƙarshe, amma duk wanda ya yi aikin asibiti ya ji wannan bayani, abin da zai fara zuwa ransa shi ne amosanin gaɓoɓi irin wanda ake kira rumatoyid.

Ga yadda yake. Kowace gaɓa tana da wata siririyar fata da ta lulluɓe ta daga ciki, ita ke samar da ruwan da ke sa ƙashi ya goga ƙashi cikin santsi. A wannan cuta, garkuwar jiki da Allah ya ɗora wa yaƙi da ƙwayoyin cuta ita ce take rikicewa ta far wa wannan fata. Sai ta kumbura, ta yi kauri, ruwa ya taru. Cikin dare da hannu ba ya motsi komai ya ƙage, shi ya sa asuba ta fi miki wuya. In aka bar ta haka, fatar nan mai kumburi tana cin guringuntsi, ta ci gefen ƙashi, ta sassauta jijiyoyin da ke riƙe yatsu a miƙe. Abin da ta ci ba ya dawowa, kuma ɓarnar galibi cikin shekara biyu na farko take somawa. Kin ga ke nan wata 11 ɗin nan ba ƙaramin lokaci ba ne, amma ƙofa ba ta rufe ba.

A shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Legas na taɓa karɓar wata baiwar Allah, tela ce, shekarunta ba su fi naki da yawa ba. Shekara shida ta yi tsakanin leda da ƙaho da jiƙe-jiƙe kafin ta zo. Yatsunta duk sun karkace sun kwanta wajen ƙaramin yatsa. Likitoci sun kashe mata wutar ciwon, ta samu barci, amma yatsun ba su miƙe ba. Abin da ta ce ya fi ci mata rai ba keken ɗinkin da ta sayar ba ne, carbi ne da ta kasa ja. Duk lokacin da na ga wasiƙa irin taki ita nake tunawa.

Maganar Hajiya, uwar mijinki, kuwa, kada ki yi musu da ita, domin ta hango wani abu na gaskiya: akwai alaƙa tsakanin ciwon nan da haihuwa. Lokacin da mace take da ciki garkuwar jikinta takan lafa don kada ta yaƙi ɗan da ke cikinta, har masu wannan cuta da yawa sukan ji sauƙi. Bayan an sauka lafiya garkuwar sai ta dawo da ƙarfi, kuma a watannin nan ne cutar ta saba bayyana ko ta tashi. Tana kama wadda ta yi arba'in cif tana wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, tana kama Baturiyar da ba ta taɓa jin labarin wankan jego ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a faɗin duniya, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Saboda haka ki cire wa kanki laifi, rashin zuwa gida bai jawo miki komai ba. Gaskiya ne damina da danshin Ikko suna sa mai ciwon gaɓa ya ƙara jin jiki, ruwan zafi kuma yana sassauta shi.  Amma ruwan zafi ba ya hana ƙashi cinyewa.

Ita kuma maƙwabciya, ki yi mata godiya ki wuce. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki yi addu'a iya ƙarfinki, amma kada ki ɗora wa zuciyarki zargin wata mai tuwo a kan ciwon da ake iya gani a gwajin jini. Ya zo a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman maganin a inda yake ba ya rage tawakkali.

To, mu koma kan leda. Irin wannan haɗi da ake ƙullawa ba kwali ba suna, abin da aka saba samu a ciki shi ne maganin kashe zafi mai ƙarfi irin su dikulofenak ko ibufurofen, wani lokaci guda biyu 'yan gida ɗaya, da farasitamol, da bitamin, sai kuma uban tafiyar: siteroyid, maganin danne kumburi, wato deksa ko firedinisolon. Deksa ita ce ke cikin abin da 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Jin garau cikin awanni, dawowar ciwo da zarar kin tsaya, da cikar fuska, duk ukun suna nuna akwai shi a ledarki. Wannan cika ba lafiya ba ce, kuma ba Legas ce ta karɓe ki ba.

Maganin nan yana da tarihi da cutarki. A 1948 wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench, ya sa aka yi wa wata matashiya mai irin ciwonki allurar kotizon, wani nau'in siteroyid, matar da ko sauka daga gado ba ta iya yi. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da cutar, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba aka ga abin da maganin ke yi wa wanda ya daɗe a kansa: fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, fata ta yi laushi, rauni ya ƙi warkewa, garkuwa ta faɗi, ƙashi ya yi rauni. Wani ma kan ƙashin cinyarsa ne jini ke daina kaiwa ya mutu, sai an yi aiki an sa na ƙarfe. Tun daga lokacin likitoci suka koyi ba da shi da awo, na ɗan lokaci. Ke kuma wata bakwai kina sha ba wanda ya auna. Zafin cikin da kike ji kuma aikin magungunan kashe zafin ne, suna goge bangon ciki har su zama olsa, suna wahalar da ƙoda, haɗa su da siteroyid kuwa yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Amma ki saurare ni da kyau a nan, ƙanwata: kada ki karanta wannan ki jefar da ledar yau. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke samar wa jiki siteroyid nasa na halitta. In mutum ya wuce mako uku yana shan na waje, waɗannan ƙullutun sukan yi barci. Tsayawa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani, amai, jiri, faɗuwar jini, har rasa rai. Sannu a hankali ake rage shi, likita ne ke tsarawa. Abin da za ki yi shi ne ki koma wurin mai kemis cikin mutunci, ki ce ya nuna miki kwalin kowace ƙwaya da yake zuba miki, ki ɗauki hotonsu da waya. Sannan cikin wannan makon, ba wata mai zuwa ba, ki ga likita da ledar a hannunki. In kafin nan kika ga bayan gidanki ya yi baƙi kamar kwalta, ko kika yi aman jini, ko gaɓa guda ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, ko numfashi ya yi miki wuya, kada ki jira gari ya waye, ki nufi sashen gaggawa.

Ki fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa, kamar na Orile-Agege. Can za a auna jininki da suga, a tsara yadda za a raba ki da leda, a ba ki takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ko LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba. Ki riƙe sunan sashen da kike nema, rumatoloji, wato sashen masu irin wannan ciwon gaɓoɓi. Za ki ji masu cewa tunda ciwon ƙashi ne Igbobi za ki tafi. Asibitin Igbobi da ke kan titin Ikorodu ɗan'uwan na Dala ne a Kano, gwanaye ne a karaya da tiyata da sauya gaɓa. Naki ciwon na magani ne, kuma duk ƙoƙarinmu shi ne kada ki kai matakin da za ki buƙaci wuƙarsu. Ba zan ɓoye miki ba, likitocin wannan fanni kaɗan ne a Najeriya, akwai layi, akwai jira, wata rana ki yi sammako ki dawo da yamma. In Turanci yana ba ki wuya ki tafi da wanda zai fassara, kuma ki sa a rubuta miki labarin ciwon a takarda tun daga gida: yaushe ya fara, waɗanne gaɓoɓi, awa nawa sandarewar ke ɗauka. Ki ɗauki hoton hannun ranar da ya fi kumbura, domin siteroyid yana ɓoye kumburi, kina iya zuwa gaban likita hannun ya yi lumui.

Za a ɗebi jini. Akwai gwaji biyu da ke neman alamar cutar, za ki ga an rubuta RF da anti-CCP, da wasu biyu masu auna yawan kumburi a jiki, ESR da CRP. Za a yi hoton hannu da ƙafa. Ki sani cewa akwai masu cutar da gwajinsu ke fitowa babu komai, don haka likita da idonsa da hannunsa yake haɗawa. Zai tambaye ki ko gashinki yana zuba, ko bakinki yana ƙuraje, ko fuskarki tana fesowa in kin shiga rana, ko fitsarinki yana kumfa. Ki amsa tsakani da Allah, yana neman wata 'yar'uwar cutar ce mai suna lufus, wadda ta fi kama mata baƙaƙe masu irin shekarunki, kuma tana taɓa ƙoda. Za a kuma duba hanta da ƙoda da ciwon hanta nau'in B kafin a fara magani. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki tsaya a ɗakin gwaji na bakin titi a ce miki taifot da maleriya ne. Taifot ba ya kumbura yatsu wata 11.

In an tabbatar, maganin da aka fi farawa da shi a duniya shi ne metotireksat, wanda Amurka ta amince a yi amfani da shi kan wannan cuta tun 1988. Ba maganin kashe zafi ba ne, garkuwar da ta rikice yake ladabtarwa. Sau ɗaya ake shan sa a mako. A mako, ba a kullum ba. An rasa rayuka saboda wannan kuskure. Ki zaɓi rana guda, a ce Juma'a, kowa a gidan ya sani. Ana haɗa shi da folik asid, irin wanda ake ba ku a awon ciki, ana kuma gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Mai shan sa ba ya shan Septrin, ki riƙe wannan, domin a unguwanninmu kowane tari da gudawa shi ake miƙo wa mutum. Sai dai a wurinki akwai sharaɗi babba: mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sa, yana illata ɗan tayi. Ki faɗa wa likita kina shayarwa tun kafin ya ɗauki biro. Akwai waɗanda ake ba mai goyo, irin su haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, wanda ke buƙatar a riƙa duba ido, da salfasalazin. Shi zai auna tsananin ciwon ya ce ko a fara da waɗannan ko a matso da yaye. Kada ki yaye yaro da kanki don na faɗi haka. Kuma maganar tazarar haihuwa dole ta shigo, ke da maigida. Masu wannan cuta suna haihuwa lafiya, amma cikin shiryawa ake yi, a sauya magani kafin a ɗauka.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne haƙuri. Leda tana aiki cikin awa biyu, wannan kuwa sai ya ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin ki ji bambanci. A mako na uku zuciya za ta ce miki na asibiti ba ya ci, ga mai kemis nan kusa. Ki daure. Watakila ma likita ya bar ki a kan firedinisolon kaɗan a wannan tsakani, yana ragewa. Kada ki ce ai ga shi abin da Anti ta hana. Wanda aka auna aka sa wa ranar tsayawa daban ne da wanda aka ƙulla a leda. In sauƙi ya samu kuma kada ki ajiye magani. Cutar kwanciya take yi, ba tafiya ba, kuma mata da yawa suna shekaru tana kwance suna harkokinsu.

Na gargajiya da ake son a yi miki, na san da kyakkyawar niyya ne. Amma ƙaho da tsaga a jikin da ya sha siteroyid wata bakwai ƙofar gyambo ne. Mai ɗori karaya ya sani, in ya ja gaɓa mai kumburi ƙara mata rauni zai yi. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba kuma nauyi ne a kan hantar da za ta ɗauki magani mai ƙarfi. In kuwa wani dalili ya tilasta tafiya gida, to a tafi da takardar likita zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

Sana'a kada ki rufe ta, sauya mata tsari za ki yi. Tuƙin tuwo ki ba wata ki biya ta, ke ki zauna kan tanda da kuɗi. Ki naɗe mariƙin ludayi da cokalin juya waina da tsumma ya yi kauri, don kada yatsu su matse. Tukunya da jarka a bar wa yara, in ya zama dole ki tallafa da damtse biyu. Da asuba ki tsoma hannu cikin ruwan ɗumi minti goma kina buɗewa kina rufewa, ki yi alwala da shi. Ki nemi a tura ki sashen gashin ƙashi su koya miki motsa yatsu. Ranar da dogara hannu a sujada ko zaman tahiya ya gagara, ki yi sallarki a zaune, addini ya ba ki wannan sauƙi.

Wannan sakin kuma ki miƙa wa maigida. Malam, sannu da ɗawainiya. Wanda ya ce matarsa ta tafi gida a nema mata magani, damuwa da ita ce ta sa shi faɗa. Ina roƙonka ka ba asibiti wata uku kafin a yanke maganar tafiya. Ka haɗa kuɗin motar zuwa Arewa da dawowa, da abin da za a ba mai magani, da abin da leda ta ci cikin wata bakwai, ka ga ko bai isa a fara gwaje-gwaje ba. Ku tambayi teburin inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, a asibitin ku ji abin da take ɗauka, in akwai adashi a roƙi uwar adashi ta matso da kwasarku. Ranar farko ka bar rumfa a hannun yaro ka raka ta, kai ma ka ji daga bakin likita. Hajiya kuma kai za ka yi mata bayani, daga bakinka zai fi shiga.

Ƙanwata, ranar zuwa ki saka ledar da hotunan kwalayen da katin awon cikinki na ƙarshe a jaka, ki tafi da abin karyawa da wanda zai riƙe miki yaro. In kin fito ki rubuto mini, ina son in ji sunan abin da aka samu a cikin ƙwayoyin nan biyar da kuma yadda aka tsara rage miki su.